Yadda ake haɗa alawar faj ta bota da mazarƙwaila a gida

Duk wadda ta taɓa yin alawar madara ko iloka ta riga ta san rabin wannan aiki, domin kayan haɗin kusan ɗaya ne, wato sukari da madara da mai. Bambancin yana wajen laushi. Iloka tana da danƙo, sai an tauna, alawar madara kuma idan ta kwana biyu takan bushe ta yi ƙarfi, ita kuwa faj tana yankuwa da wuƙa kamar sabulu, ba ta manne wa haƙori, kuma da zarar ta hau harshe sai ta narke. Alawa ce da ta yi suna a Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, nau'in da za mu yi kuma shi ne wanda Turawa ke kira bataskoc, wato ɗanɗanon bota da jan sukari da aka dafa tare, wanda ake danganta asalinsa da garin Donkasta na ƙasar Ingila.

Jan sukarin kanti yana da tsada, kuma ba kullum ake samunsa ba ko a manyan shagunan Sabon Gari. Na daɗe da daina nemansa, tun da na gane cewa mazarƙwailar da ake kawowa daga yankin Maƙarfi da Kudan ta fi shi ƙamshi nesa ba kusa ba, saboda ruwan rake ne zalla aka dafa har ya daskare, ba a cire masa komai ba. Sai dai tana da nata halin, kuma zan nuna inda ake bi da ita a hankali.

Kayan haɗi

Farin sukari giram 350, wato gwangwanin madara biyu da rabi.

Mazarƙwaila giram 150, wato kimanin gwangwani ɗaya idan an gurza an danna.

Madarar ruwa ta ƙaramin gwangwani guda biyu, irin Peak ko Three Crowns, wadda ba a sa wa sukari ba.

Bota giram 100.

Gishiri rabin cokalin shayi.

Bekin soda ɗan kaɗan, abin da yatsu biyu za su ɗauka.

Filebon banila cokalin shayi ɗaya, idan ana so.

Ruwa rabin gwangwani, domin narkar da mazarƙwaila.

Kada ƙamshin mazarƙwaila ya ja ki ki ƙara yawanta fiye da haka. Tana ɗauke da wani nau'in sukari da ba ya son daskarewa, don haka idan ta kai rabin awon sukarin gaba ɗaya, alawar za ta tsaya da danƙo ko da kin kwana kina bugawa. Wannan hali nata kuma shi ne amfaninta idan an sa daidai, domin shi ke hana alawar yin garas-garas, shi ya sa ba sai kin nemi gulukos ɗin ruwa da ake sakawa a wasu girke-girken ba. Wajen saye, ki zaɓi mai haske wadda ta bushe, ki ɗan gutsira ki ɗanɗana. Wadda ta yi baƙi ƙirin yawanci ta ƙone tun a wajen dafawa, ɗacinta kuma zai biyo ta cikin alawar.

Idan babu madarar ruwa, ki dama madarar gari mai maiƙo gwangwani ɗaya da ruwan ɗumi gwangwani ɗaya da rabi, ki tace don kada gudaji ya shiga. Idan ɗanyar madarar shanu kika samu, sai ki auna gwangwani huɗu ki dafa ta ita kaɗai har ta koma rabi. Nono da kindirmo ba sa yi ko kaɗan, saboda tsaminsu zai tsinka haɗin tun kafin ya tafasa.

Batun mai yana buƙatar ɗan bayani, tunda shi ne rabin sunan alawar. Bota ta gaskiya, wadda aka yi da madarar shanu, ita ce ta fi dacewa. Man shanu ɗanye da ake saye wajen masu tallar nono ma bota ne, amma dole a wanke shi da ruwan sanyi sau uku ko huɗu ana matsawa da cokali, har ruwan ya fito garau kuma warin tsamin nono ya tafi. Soyayyen man shanu babu ruwa a cikinsa, don haka giram 80 ya isa, kuma ƙamshinsa yana da ƙarfi, wasu na so wasu ba sa so. Idan majarin kaɗai ke hannunki, ki nemi mai tauri da ake yin cincin da kek da shi, ban da mai laushi na shafa wa burodi, wanda ruwa ya yi masa yawa. Alawar za ta daskare da shi, amma gaskiya ɗanɗanon ba zai kai na bota ba.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne tukunya mai kaurin gindi kuma mai zurfi, wadda haɗin ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku na cikinta ba, domin madara da sukari suna kumbura sosai idan sun tafasa. Tukunyar dalma ta ƙirar gida, idan an wanke ta tas babu warin miya, ta fi siririyar tukunyar silba da ke kamawa cikin minti biyu. Sannan ki tanadi ludayin katako ko ƙaramar muciya wadda ba a taɓa tuƙa abu mai yaji ko daddawa da ita ba, da mataci mai laushi irin na koko, da tire ko gwangwanin gashi mai faɗin santimita 20 ta kowane gefe, da takardar gashin kek, da kofi biyu ko uku na ruwan sanyi, da wuƙa mai kaifi. Ma'aunin zafi na girki yana sauƙaƙa aiki ƙwarai, amma na shekara da shekaru ina yi ba tare da shi ba, kuma zan bayyana hanyoyin biyu.

Ta fuskar wuta, gas ya fi sauƙin sarrafawa, risho ma yana yi. Idan da gawayi za ki yi, ki bari ya ruru harshen wutar ya kwanta, ki kuma ajiye ɗan toka a kusa don rage zafi, saboda a wannan girki ana buƙatar sauya ƙarfin wuta sau biyu.

Mataki na 1: Shirya komai kafin a kunna wuta

Ki shafa ɗan bota a tiren, ki shimfiɗa takardar gashi ta yadda bakinta zai leƙo ta gefe biyu, domin da shi za ki ɗaga alawar idan ta daskare. Idan babu takardar, shafa mai da yawa ya wadatar. Ki auna kowane abu ki ajiye a gabanki, ki fasa gwangwanayen madara, ki kawo ruwan sanyin gwaji kusa da murhu. Daga lokacin da haɗin ya fara tafasa ba za ki sami sukunin barin wurin ba. A nan ne kuma ya kamata a fitar da yara daga madafa, a sauke goyo, a naɗe hannun riga da bakin mayafi, domin dafaffen sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi kuma yana manne wa fata. Idan tsautsayi ya sa ya ɗiga wa mutum, a sa wurin cikin ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, kada a shafa man goge baki ko manja.

Mataki na 2: Narkar da mazarƙwaila a tace

Ki gurza mazarƙwailar ko ki daka ta a turmi mai tsabta, ki zuba a ƙaramar tukunya da ruwa rabin gwangwani, ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa har ta narke gaba ɗaya. Sai ki sauke ki bar ta ta natsu na minti biyu, sannan ki tsiyaye ta cikin mataci, ki bar ɗan abin da ya kwanta a ƙasa. Kada ki tsallake wannan mataki ko da kin ga mazarƙwailar tana da kyau a ido. Na taɓa yin alawar Sallah tire uku ban tace ba saboda sauri, sai da aka kai wa surukaina sannan aka ji yashi yana ƙara a haƙori, ga ɓurɓushin ɓawon rake a ciki.

Mataki na 3: Fito da ƙamshin bota

Ki ɗora babbar tukunyar a wuta matsakaiciya, ki narkar da botar, sannan ki zuba tatacciyar mazarƙwailar da gishiri. Ki bar su su yi zaɓalɓala tare na minti biyu zuwa uku kina juyawa, har ki ji ƙamshi mai kama da na gasasshiyar gyaɗa da zuma ya cika ɗakin. Wannan ƙamshin shi ne bataskoc ɗin da ake magana. Da kin ji shi sai ki sauke, domin tsakaninsa da ƙauri tazarar ba ta da yawa. Ki barbaɗa ɗan bekin sodan ki juya. Zai ɗan yi kumfa, ba matsala ba ce. Amfaninsa shi ne kashe ɗan tsamin da ke cikin mazarƙwaila, wanda kan sa madara ta tsinke ta yi gudaji. Kada ki maye gurbinsa da kanwa, ɗanɗanonta yana fitowa.

Mataki na 4: Zuba madara da sukari, a narkar a hankali

Bayan tukunyar ta ɗan sha iska na minti ɗaya, ki zuba madarar kaɗan-kaɗan kina juyawa, sannan ki bi da farin sukarin. Ki mayar kan wuta mafi ƙanƙanta, ki ci gaba da juyawa, kuma kada ki bari ya tafasa sai kowace ƙwayar sukari ta narke. Wannan yakan ɗauki minti 8 zuwa 10. Yadda za ki tabbatar shi ne ki goga ludayin a gindin tukunya, idan kina jin ƙaras-ƙaras to da saura, ko ki ɗebi ɗan kaɗan a cokali ki bari ya huce ki murza tsakanin yatsu.

Dalilin wannan haƙuri shi ne, ƙwayar sukari guda ɗaya da ba ta narke ba tana iya zama iri, sauran sukarin ya taru a jikinta lokacin hucewa, alawar ta fito kamar an kwaɓa ta da rairayi. Saboda haka ne ma idan komai ya narke za ki duba jikin tukunyar ta ciki, ki goge duk ƙwayoyin da suka manne da tsumma mai tsabta da aka jiƙa aka naɗa a bakin cokali. Wata hanyar ita ce ki rufe tukunyar na minti biyu da zarar ta fara tafasa, tururi ya wanke gefen da kansa, amma ki tsaya a kai don kada ta yi ambaliya. Ludayin ma ki ɗauraye shi kafin ki mayar.

Mataki na 5: Dafawa

Yanzu ki ƙara wuta zuwa matsakaiciya. Haɗin zai taso da kumfa har kusan bakin tukunya, daga baya ya sauka, kumfar ta zama manya-manya masu fashewa a hankali, launin kuma ya ƙara duhu. Ki riƙa jan ludayi a gindin tukunyar a natse, kina bin kusurwoyi, don kada madarar ta kama. Ba bugu ake so a nan ba. Daga fara tafasa zuwa nuna yakan ɗauki minti 15 zuwa 25, gwargwadon faɗin tukunya da ƙarfin wuta, don haka agogo ba abin dogaro ba ne. Idan kika ji alamar ƙauri, kada ki kankare gindin, ki juye haɗin cikin wata tukunyar nan take ki ci gaba.

Mataki na 6: Gane lokacin saukewa

Nan ne aka fi faɗuwa, kuma nan ne ya kamata mu da ke Zariya mu yi hattara da awon da ake rubutawa a girke-girken ƙasashen waje. Sukan ce a sauke a digiri 114 ko 115 na Salshiyas, amma wannan awo na garuruwan da ke daidai da bakin teku ne, inda ruwa ke tafasa a digiri 100. Zariya tana kan tudu, sama da mita 600 daga matakin teku, ruwa kuma yana tafasa a nan a wajen digiri 98. Wadda ta jira sai ma'auni ya nuna 115 za ta sami alawa mai tauri da ke farfashewa. Dabarar ita ce ki tsoma ma'auninki a tafasasshen ruwa kafin ki fara girki, ki ga lambar da ya nuna, ki ƙara 14 a kai. Idan ya nuna 98, to a 112 za ki sauke. Wannan yana gyara har kuskuren ma'aunin kansa. Wajen aunawa kuma kada bakinsa ya taɓa gindin tukunya, domin ƙarfen ya fi haɗin zafi.

Idan babu ma'auni, sai gwajin ruwa. Da kin ga kumfa ta yi kauri, ki janye tukunyar daga wuta, ki ɗiga rabin cokalin shayi a kofin ruwan sanyi, ki jira kamar daƙiƙa goma, sannan ki sa yatsu ki tattara. Idan ya baje ya gurɓata ruwan, bai yi ba. Idan ya taru amma ya zame ta tsakanin yatsu, saura kaɗan, ki mayar na minti ɗaya ko biyu. Abin da ake nema shi ne ya mulmulu ya zama ɗan curi mai laushi, wanda idan kin fito da shi kin ɗora a tafin hannu zai baje a hankali. Idan curin ya tsaya ƙyam yana ƙin matsuwa, an wuce, sai ki zuba ruwan zafi cokali biyu ki juya, ki sake gwadawa. Ki riƙa sauya ruwan kowane gwaji, kuma a lokacin bazara, da ruwan randa kansa ke yin ɗumi, ki sa ɗan ruwan firij a ciki, in ba haka ba gwajin zai ruɗe ki ki dafa ya wuce kima.

Yanayi ma yana da tasiri. Hunturu shi ne lokaci mafi kyau, domin iska a bushe take, alawar tana daskarewa da wuri, kuma a lokacin ne sabuwar mazarƙwaila ke cika kasuwa. Da damina, musamman a watan Agusta, sukari yana jan laimar iska, saboda haka nakan ƙara digiri ɗaya, ko in bar curin ya ɗan fi tauri kaɗan.

Mataki na 7: A bar shi ya huce, kada a taɓa

Ki sauke tukunyar ki ajiye a wuri guda, ki zuba filebon a sama ba tare da kin juya ba, ki tafi ki yi wani aikin. Kada a motsa ta, kada a ɗanɗana, kada a rufe. Idan aka buga haɗin yana da zafi, ƙwayoyin sukari kaɗan ne ke fitowa, su yi ta girma har harshe ya ji su. Idan kuwa ya huce ya yi kauri sannan aka buga, sai su fito da yawan gaske amma ƙanana ainun, shi ne laushin da ake nema. Ana son ya sauka zuwa tsakanin digiri 43 da 50, wato lokacin da za ki iya ɗora tafin hannu a gindin tukunyar ki bar shi ba tare da kin janye ba. Da hunturu minti 30 kan isa, da bazara kuwa yakan kai kusan awa ɗaya. Idan kina sauri, ki zaunar da tukunyar cikin baho mai ɗan ruwa, amma ba ruwan ƙanƙara ba, domin gefen zai daskare alhali tsakiya na da zafi.

Mataki na 8: Bugu

Ki zauna ki riƙe tukunyar da kyau, ki shiga tuƙawa da ludayin kamar mai tuƙa tuwo. Da farko haɗin zai kasance mai sheƙi da danƙo, yana bin ludayi kamar zuma mai kauri. Bayan minti 5 zuwa 10, wani lokacin har 15 saboda mazarƙwailar, za ki ga launinsa ya fara haske, sheƙin yana dusashewa, sawun ludayi kuma yana tsayawa ba ya rufewa da wuri. Idan za ki sa gyaɗa soyayya ko yazawa ko riɗi, yanzu ne lokacinsu, rabin gwangwani ya isa. Da zarar sheƙin ya tafi ki daina bugu, domin abin da ya rage miki bai wuce rabin minti ba kafin ya daskare a cikin tukunya. Gara a juye da ɗan sauran sheƙi da a makara. Hannu yana gajiya a wannan mataki, don haka idan akwai mai karɓar ki, ku yi karɓa-karɓa, amma kada a tsaya.

Mataki na 9: Juyewa da yankawa

Ki juye a tiren da sauri, ki daidaita saman da bayan cokali da aka shafa wa mai. Abin da ya bushe a jikin tukunya kada ki kankaro shi ki haɗa. Bayan minti 15 ki ja layuka da wuƙa tun yana da ɗumi, biyar a tsaye biyar a kwance, zai ba ki guda 36. Ki bar shi awa biyu zuwa uku a wuri mai iska, an rufe da rariya saboda ƙuda, sannan ki ɗaga ki ƙarasa yankawa.

Idan ba ta fito daidai ba

Alawar da ta ƙi daskarewa bayan awa huɗu ba ta dahu ba ne, ko kuma ba ta sha bugu ba. Wadda ta yi tauri tana marmashewa ta wuce dahuwa, mai garas-garas kuma an taɓa ta da zafi ko sukarin bai narke ba. Duka ukun maganinsu ɗaya ne: ki mayar da ita tukunya, ki zuba ruwa rabin gwangwani, ki narkar a wuta kaɗan har babu ƙwaya ko ɗaya, sannan ki maimaita daga mataki na 5. Launin zai ƙara duhu amma ɗanɗanon ba ya lalacewa. Idan kika ga mai yana tsatstsafowa a sama lokacin bugu, ki zuba madara mai ɗumi cokali ɗaya ki ci gaba, yawanci yana komawa. Wadda ta ƙone ce kaɗai ba ta gyaruwa.

Wajen ajiya, ki jera ta a roba mai murfi, kina sa takarda tsakanin layi da layi, ki ajiye a wuri mai sanyi inda rana ba ta kaiwa; takan yi mako ɗaya zuwa biyu, kuma ta fi daɗi washegari fiye da ranar da aka yi ta. Ba na son sa ta a firij, domin idan aka ɗauke wuta robar takan yi gumi, saman alawar ya jiƙe ya yi danƙo. Idan zafin Afrilu ya tilasta, ki naɗe ta da leda sosai, kuma idan kin fito da ita ki bari ta saki sanyi kafin ki buɗe. Kiyashi kuwa sai dai a zaunar da robar a tsakiyar faranti mai ruwa.

Tukunyar ba sai an sha wahalar kankare ta ba. Ki zuba madara ko ruwa kofi biyu a ciki, ki mayar kan wuta ya tafasa, duk abin da ya manne zai narke, sai ki juye a shayin yara ko a kunun gyaɗa maimakon sukari.